Wa Ya Tambayi Mai Jin Murya Abin da Yake Ji?

A wurinmu, duk ranar da mutum ya buɗe baki ya ce yana jin ana yi masa magana alhali babu kowa a wurin, ko yana ganin abin da sauran jama'a ba sa gani, kafin ya rufe bakin an gama yanke masa hukunci. Wasu su ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi, a nemo mai ruƙiyya. Wasu su ce jifa ne, a duba da wa gidan yake gaba. In saurayi ne, a ce ƙwaya ce kawai. 'Yan bokon gidan kuma su ce taɓin hankali ne, a wuce da shi Dawanau ko Barnawa ko Kware. Sai a wuni ana wannan muhawara a tsakar gida, shi kuwa mai abin yana rakuɓe a gefe, babu wanda ya juya ya ce masa: me muryar take ce maka? Ta wane ce? Yaushe ta fara? Me yake tayar da ita, me yake kwantar da ita?

Ni a ganina wannan tambaya da muke tsallakewa ita ce ya kamata ta riga kowane hukunci, na malami ne ko na likita. Kuma binciken da masana ƙwaƙwalwa da likitocin taɓin hankali suka yi cikin shekaru arba'in ɗin nan ya tsaya a bayan wannan magana fiye da yadda muke aiki da ita.

Abin da zai fara rage mana gaggawa shi ne yawan masu wannan hali. Tun a 1894 wata ƙungiyar masu bincike a Ingila ta fitar da sakamakon tambayar mutum 17,000 ko sun taɓa ganin wani abu, ko jin murya, ko jin an taɓa su, idonsu biyu, ba tare da akwai komai a wurin ba. Kusan ɗaya cikin goma suka ce ya taɓa faruwa da su. A 2015 aka buga wani babban bincike daga cikin ƙididdigar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya haɗa mutum fiye da 31,000 daga ƙasashe 18, har da Najeriya. Aka samu kusan biyar cikin ɗari sun taɓa jiye-jiye ko gane-gane a rayuwarsu, kuma kusan sulusin waɗanda irin waɗannan abubuwa suka same su, sau ɗaya tak abin ya zo ya wuce. Ita kuwa sikizofireniya, cutar da aka fi jinginawa jin murya, a 2022 hukumar ta ƙiyasta tana kama kimanin mutum ɗaya ne cikin 300. Wato mafi yawan waɗanda suka taɓa jin murya ba su da wannan cutar. Suna cikin sahun sallarmu, suna kasuwa, suna koyarwa a aji. Bakinsu kawai suka ja, don sun san abin da zai biyo baya in suka faɗa.

A 1971 wani likitan karkara a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya zauna da mutum 293 waɗanda mazansu ko matansu suka rasu. Kusan rabinsu suka ce sukan ji mamacin yana kusa da su, wasu sun ji muryarsa, wasu ma sun gan shi. Yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu zuciya, kuma yawancinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba sai ranar da ya tambaye su. Wannan bincike yakan faɗo mini a rai duk lokacin da na shiga gaisuwa wurin mace mai takaba. Wata huɗu da kwana goma tana ɗaki, in ta ji gyaran muryar maigidan a zaure da asuba, wa za ta gaya wa ba tare da an fara yi mata wani kallo ba?

Akwai wata goggonmu da yanar ido ta rufe mata gani a ƙarshen rayuwarta. Mace ce mai kaifin hankali, ta san lissafin adashinta kobo da kobo, ta san sunan kowane jika da na uwarsa. Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune kusa da ita a bakin ƙofar ɗakinta, sai na ga tana janye ƙafa, tana tattare bakin zaninta, irin yadda ake ba mai wucewa hanya. Na ce, "Goggo, lafiya?" Ta yi shiru. Can ta sassauta murya ta ce, "Ɗan nan, wasu yara ne ƙanana da jajayen kaya, sukan bi ta nan su wuce. Ba sa magana, ba sa taɓa ni. Na san babu su. Amma don girman Allah kada ka gaya wa babanka, cewa za su yi na fara gigin tsufa." Yaran ba su dame ta ba ko kaɗan. Mutanen gidan take jin tsoro.

Abin da ya sami Goggo tun 1760 aka rubuta shi. Wani masani ɗan birnin Jeneva, Charles Bonnet, ya ba da labarin kakansa mai kusan shekara casa'in wanda yanar ido ta kama, yana ganin mutane da tsuntsaye da kekunan doki da gine-gine, hankalinsa kuma garau, ya san ba gaske ba ne. Yau da sunan Bonnet ɗin ake kiran larurar. Bayaninta shi ne, idan ido ya daina aika saƙo yadda ya saba, sashen gani na ƙwaƙwalwa ba ya zama haka kawai, sai ya fara fitar da hotuna da kansa. Haka ma kunne: bincike ya nuna masu raunin ji sun fi sauran mutane jin muryoyi ko kiɗa da babu su. Ka duba yawan tsofaffinmu masu yanar ido da masu kurumta a ƙauyuka da birane, sannan ka tambayi kanka nawa ne a cikinsu aka ce sun ruɗe ko an sammace su, alhali aikin ido na ƙasa da awa ɗaya ko na'urar ji zai iya rage musu abin, ko kuma kalma ɗaya daga bakin wanda ya sani: Hajiya, hankalinki ƙalau, idon ne.

Hanyoyin da gane-gane da jiye-jiye suke shigowa suna da yawa, kuma kowace da maganinta. Farfaɗiya tana kawo su. Likitan tiyata Wilder Penfield a Montreal ta Kanada, tun daga shekarun 1930, yakan taɓa gefen ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke, wasu su ce sun ji kiɗa, wasu su ji murya tana kira. Cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki tana kawo su, wani lokaci ma maganin cutar ne yake ƙara su. Wani nau'in ciwon mantuwa na tsufa da gane-gane yake fara bayyana. Zazzaɓi mai zafi, na cizon sauro ko taifot ko sanƙarau, yana sa sambatu da gane-gane, kuma wannan na gaggawa ne, jinkiri a kansa yana kashewa. A 2007 likita Josep Dalmau ya bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama 'yan mata, yana fara kama da hauka tuburan, alhali in aka gane shi da wuri ana warkewa. Sai kayan maye, wanda ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wani bincike na 2019 a biranen Turai da Brazil ya gano masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali. Duk wanda ya yanke hukunci daga jin "ina jin murya" kawai, ya zaɓi ɗaya ne ido rufe daga cikin waɗannan, kuma mai larurar ne zai biya kuɗin kuskuren.

Akwai wata magana da take ƙona mini rai, ita ce a ce wa mai jin murya ƙarya yake, ko iskanci ne, ko neman a kula shi. Tun a 1949 wani likita a Amurka, Louis Gould, ya kara na'urar ƙara sauti kusa da bakin wata majinyaciya, ya ji raɗa tana fita a hankali, kuma abin da raɗar take faɗa shi ne abin da matar ta ce muryar tana gaya mata. Ita ce take furtawa, amma ba ta sani ba. A 1993 Philip McGuire da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata a lokacin da suke jin murya, suka ga jini ya ƙaru a sashen da yake haɗa magana. A 1999 wasu masu bincike a Jamus suka ga sashen ji, wanda yake motsawa in an yi maka magana ta gaske, shi ma yana motsawa a lokacin. Saboda haka in ya ce ya ji, ya ji ɗin. Ce masa ya daina ji daidai yake da ce maka ka daina jin kiran sallar masallacin unguwarku.

Bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana shi ne, kowannenmu yana magana da kansa a zuci, kuma ƙwaƙwalwa tana da hanyar sa wa wannan zance alamar cewa nata ne. Wannan tsarin ne ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli: ƙwaƙwalwa ta riga ta san hannunka zai taɓa ka, sai ta rage ƙarfin jin. A shekarar 2000 Sarah-Jayne Blakemore da Chris Frith da abokan aikinsu suka gwada wannan a Birtaniya, suka ga majinyata masu jin muryoyi suna jin taɓawar hannunsu kusan daidai da taɓawar wani. Alamar ce ta yi rauni, sai tunanin mutum ya zo masa da muryar baƙo. A 2017 kuma, a jami'ar Yale ta Amurka, aka riƙa nuna wa mutane wani hoto tare da ƙara, sau da yawa, daga baya aka riƙa nuna hoton ba tare da ƙarar ba. Mutane da dama suka ce sun ji ƙarar da babu ita, amma masu jin muryoyi, da masu cuta da marasa cuta, sun fi kowa. Abin da ƙwaƙwalwa take sa ran ji yana iya rinjayar abin da kunne ya kawo mata.

Ba na so a ɗauki waɗannan hotuna fiye da matsayinsu. Yawancin gwaje-gwajen a kan mutane ƙalilan aka yi su, kuma har yau babu hoton ƙwaƙwalwa da likita zai duba ya ce ga sikizofireniya nan. Sun nuna mana yadda abin yake gudana a ciki. Dalilin da ya sa muryar wannan take zaginsa, ta wancan kuma take yi masa nasiha, sai an koma wurin mutumin.

Su kansu likitocin Turai sun daɗe ba sa komawa. An horar da su cewa tattauna abin da murya take faɗa ƙara wa majinyaci ruɗu ne. Wani likitan Jamus, Kurt Schneider, ya jera wasu alamu da ya ce sun fi nuna sikizofireniya, ciki har da muryoyin da suke hira a kan mutum ko suke sharhi a kan abin da yake yi, kuma sai a 2013 babban kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka ya cire wa waɗannan alamu fifikon da aka ba su. Wadda ta tilasta wa likitoci saurare majinyaciya ce. Patsy Hage, 'yar ƙasar Holan, ta ƙalubalanci likitanta Marius Romme a kan me ya sa ba ya ɗaukar abin da take ji da muhimmanci. A 1987 suka fito tare a talabijin suka nemi duk mai jin murya ya tuntuɓe su. Ɗaruruwan mutane suka amsa, kimanin 450 masu jin murya, kuma kimanin 150 a cikinsu suka ce sun sami hanyar zama da muryoyinsu lafiya. Daga nan ƙungiyoyin masu jin murya suka samo asali, inda suke zama suna koya wa juna dabaru, kuma a 1988 aka kafa irinta a Manchester ta Ingila. Daga baya masu bincike a Utrecht ta Holan suka kwatanta masu jin murya lafiyayyu da majinyata, suka ga ƙarfin muryar da inda ake jin ta kusan ɗaya ne. Bambancin yana wurin abin da take faɗa, da yawan zuwanta, da ko mutum yana da iko a kanta.

Na taɓa raka wani ɗan unguwarmu, tela ne, zuwa wani asibiti tare da yayansa. Layi ya kai har waje, likita ɗaya ne, kuma kana ganin fuskarsa ka san tun safe bai tashi daga kujerar ba. Ya dubi yayan ya ce, "Har yanzu yana jin muryoyin?" Yayan ya ce, "Yana ji, likita." Aka ƙara magani, aka ba da ranar dawowa, muka fito. Yaron bai ce uffan ba. A hanyar komawa na lura da audugar da ya cusa a kunnuwansa, na tambaye shi ko tana taimakawa. Ya ce kaɗan, amma in yana taka keken ɗinki muryar takan lafa, da dare ne take tasowa. Na ce muryar wa ce? Ya daɗe yana kallon waje kafin ya ce, "Ta wanda ya riƙe ni ce ina ƙarami, Yaya. Abin da yake ce mini a da shi take maimaitawa, wai ba zan taɓa zama komai ba." Ban ga laifin likitan ba. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 likitocinta na taɓin hankali ba su kai 300 ba. Amma a cikin 'yan kalmomin nan yaron ya faɗi tushen ciwonsa, ya faɗi abin da yake sauƙaƙa masa, ya faɗi lokacin da ya fi buƙatar wani kusa da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2012 aka tattara bincike da yawa wuri ɗaya aka ga waɗanda suka sha wuya suna yara, duka ko cin zarafi ko wulaƙanci ko rashin iyaye, sun ninka sauran kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali. Wannan adadi ya kamata ya hana mu barci. Muna da yaran da suka tashi cikin ƙarar bindiga a Borno da Yobe da Diffa, da mutanen da suka yi watanni a hannun masu garkuwa a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna, da yaran da aka tura bara tun ba su san hanyar gida ba. In ɗayansu ya girma ya ce yana jin ana kiran sunansa da dare, tarihinsa ne ya kamata a fara tambaya.

Wani bincike da ya taɓa mu kusa shi ne na Tanya Luhrmann ta jami'ar Stanford, wanda aka buga a 2015. Ita da abokan aikinta sun yi hira da mutum 60 masu sikizofireniya, 20 a Kalifoniya, 20 a Chennai ta Indiya, 20 a Akra, babban birnin Gana. Amurkawan mafi yawansu sun bayyana muryoyinsu a matsayin masu zagi da umurnin cutarwa, babu ko ɗaya da ya ce abin ya fi yi masa daɗi. A Chennai fiye da rabi muryar dangi suke ji, tana yi musu faɗa ko tana sa su aikin gida. A Akra 16 suka ce suna jin muryar da suka ɗauka ta Ubangiji ce, rabi kuma suka ce muryoyin galibi na alheri ne. Kusa da wannan akwai binciken da aka yi a kan dannau, inda aka kwatanta Masar da Denmak. Dannau yana faruwa ne idan mutum ya farka alhali jikinsa bai fita daga sandarewar da yake yi lokacin mafarki ba. Misrawa, waɗanda da yawansu suke danganta shi da aljani, sun fi jin tsoronsa kuma ya fi yawan zuwa musu. Ma'anar da al'umma ta ba abu tana shiga har cikin yadda ake jin sa, wani lokaci ta sauƙaƙa, wani lokaci ta tsananta.

Kada wani ya ɗauki binciken Akra ya ce ashe mu a Afirka abin da sauƙi. Mutum 20 ne a gari ɗaya, kuma a asibitin taɓin hankali aka same su, wato rayuwarsu ta riga ta dagule. Murya mai daɗin baki ma tana iya ce wa mutum ya bar abinci ko ya kama hanya cikin dare.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa a watsar da magani. Tun da aka fara amfani da kulofuromazin a Paris a 1952, magungunan nan sun fitar da mutane masu yawa daga ɗaurin rai da rai, kuma wanda muryoyi suke umurtarsa ya kashe kansa ko ya cutar da wani, asibiti yake buƙata a ranar, ba gobe ba. Amma a faɗi gaskiya duka. Maganin yana da nauyi: barci, ƙiba, sandarewar jiki, dalalar miyau, abin da yake sa da yawa su daina sha a ɓoye. Kuma kusan sulusin majinyata ba ya yi musu aiki yadda ake so. Akwai kulozafin da yake taimakon wasu daga cikinsu, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. A Satumbar 2024 Amurka ta amince da wani sabon magani mai bin wata hanya dabam a ƙwaƙwalwa, amma a lokacin kuɗinsa ya haura dala 20,000 a shekara, ba namu ba ne tukuna.

Abin da ya fi ba ni fata shi ne hanyoyin da suke gyara dangantakar mutum da muryarsa. A Birtaniya an gwada wata hanyar jinya ta tattaunawa a kan mutum 197 masu muryoyin da suke ba su umurni, aka buga sakamakon a 2014. Manufar ita ce mutum ya gane muryar ba ta da ƙarfin da take iƙirari. Bin umurninta ya sauka zuwa kashi 28 cikin ɗari, alhali a wurin waɗanda ba su sami wannan jinya ba kashi 46 ne. Likita Julian Leff kuma ya ƙirƙiro wata dabara: majinyaci ya zana fuskar mai muryar a kwamfuta, a daidaita sautin har ya yi kama, sai likita ya riƙa magana ta bakin hoton daga wani ɗaki, majinyacin yana koyon mayar da martani, hoton kuma yana sassautowa mako bayan mako. An gwada ta a kan mutum 150 a 2018, da mutum 345 a 2024, damuwar masu jin muryar ta ragu a watannin farko, ko da yake ratar da ke tsakaninsu da sauran ta ragu daga baya. Ba waraka ce ta mu'ujiza ba. Sai dai ka lura, duka hanyoyin biyu ba za su yiwu ba sai an fara tambayar mutum wane ne yake masa magana, kuma me yake cewa.

Ni Musulmi ne, na yi imani da samuwar aljanu kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa, kuma ban ga aibun addu'a ko karanta wa marar lafiya ayoyi ba. Hoton ƙwaƙwalwa bai zo don ya warware mas'alar aƙida ba. Abin da nake ƙi shi ne abin da ake aikatawa da sunan fitar da aljani: bulala, shaƙa hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana abinci, mari a ƙafa, turu. Tsakanin 2018 da 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ziyarci wurare 28 a Najeriya, na gwamnati da na addini da na gargajiya, ta tarar da mutane ɗaure da sarƙa, wasu na tsawon shekaru. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Allah ya ɗauke masa hisabi, da wace hujja mu muke hukunta shi? Sannan akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. Mutumin da muryoyi suka riga suka firgita, in aka tara jama'a a kansa ana tabbatar masa cewa wani abu mai ƙarfi ya mallake shi, an ƙara wa muryar girma ne a zuciyarsa, kishiyar abin da gwajin 2014 ya nuna yana taimakawa.

Duk da haka mutanenmu wurin malami da mai magani za su fara zuwa, kuma zagin malamai ba zai canza wannan ba. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana a kan majinyata 307: ma'aikatan ƙananan asibitoci suna zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addini, suna duba majinyata tare, suna ba da magani. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi a fili. Amma wani gwaji da aka buga a 2018 daga wani sansanin addu'a a Gana ya zo da gargaɗi. An kai likitoci da magani, alamun cuta sun ragu, kwanakin da ake ɗaure mutane da sarƙa kuwa ba su ragu ba. Ƙwayar magani ba ta kwance mari, sai wanda ya ɗaura ya yarda cewa wanda ke gabansa mutum ne mai magana. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta yi tanadin kare mutuncin mai larura. Saura jihohi su sa kuɗi da masu sa ido, su shiga gidajen mari su duba.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. A koya wa ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye, da malamin da ake kai wa marasa lafiya, da uwa da yaya a gida, su fara da tambaya. Akwai zazzaɓi? Akwai faɗuwa ko suma? Ido da kunne lafiya? Yana shan wani abu? An yi masa rasuwa, ko wani abu ya same shi? Muryar tana umurtarsa da cutarwa? A tambayi shi mai abin, a keɓe, ba a gaban taron dangi ba, kuma a bar shi ya gama magana. Amsoshin ne za su nuna wanda za a garzaya da shi asibiti yanzu, da wanda likitan ido zai gani, da wanda kwantar da hankali ya ishe shi.

Sannan jami'o'inmu. Yawancin abin da na kawo a Landan da Utrecht da Yale aka gano shi, a kan mutanen da rayuwarsu ba irin tamu ba ce, kuma binciken Akra da Chennai ya nuna ba za a kwafe sakamakon wata ƙasa a manna wa wata ba. Wannan binciken bai buƙaci na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba. Mutum 20 ne a kowane gari, da mai tambaya da ya ji harshensu, da lokacin zama a saurara. Sashen taɓin hankali na asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zai iya yin irinsa da Hausa, da ɗaliban da yake da su yanzu, a kan masu takaba, da tsofaffi masu yanar ido, da waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga, da waɗanda aka kwance daga mari.